Gaisuwar Malam Kulki

"Gajiya ta bi lafiya. Ya mutanen Dutsin-Ma?"

"Suna gaishe ka. Har masu babur na bakin tasha sun ce in gaida tsohon mijina, in ya gane ni."

Malam Atiku, tsohon hedimasta, yana zaune kan tabarma a gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gidansa a Kurfi. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, hantsi ya fara ɗagawa. Jikarsa Mardiya, ɗiyar babban ɗansa, wadda ke karatu a jami'a a Dutsin-Ma, ta sauka daga babur ke nan da baƙar leda a hannu. Maimakon ta durƙusa yadda ta saba, sai ta tsaya a gabansa, ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji, ta ɗan sunkuyar da kai.

"Namaste, angona."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau.

"Naman wa? In nama kika kawo, aje nan ki koma. In kau ba nama, hannun mi kike haɗa mani kamar mai kisan sauro?"

"Da waɗanne haƙoran za ka ci naman? Uku suka rage maka, su ma ba sa magana da juna."

"Ukun nan sun cinye shanun da ba ki taɓa gani ba ko a hoto. Durƙusa ki gaishe ni kamar ɗiyar mutane."

Ta durƙusa tana dariya, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi ƙafarsa da ke ciwo, ya ce da sauƙi. Ta zauna a gefen tabarmar.

"Ina saƙona?" in ji shi.

Ta zaro sabuwar hula daga ledar ta miƙa masa. Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ɗaga ta sama yana duban ɗinkin.

"Shuɗiya na ce maki. Wannan ai kalar miyar kuka ce."

"Shuɗiya ce, Kaka. Idonka ne ya koma miyar kuka."

"Kuma ta yi girma. Kan wa kika auna?"

"Mai hular ya tambaye ni girman kanka, na nuna mashi ƙwaryar wata mai fura. Ya ce to a ƙara kaɗan."

"Kan da ya ɗauko ilimin gari guda dole ya yi girma. Naki kau ko ludayi ya rufe shi."

"Sa ka gani dai. Sau uku na zagaya layin masu huluna saboda kai, har wani ya ce halan lefe nake haɗawa."

Ya cire tsohuwar ya ɗora sabuwar. Ta zauna daram kamar don shi aka ɗinka. Ya shafa ta, ya gyara karinta.

"To, ango ya fito," in ji Mardiya. Ta ciro wayarta ta duba. "Sha ɗaya saura minti ashirin. Sunita ta ce daidai sha ɗaya za ta kira."

Sati uku da suka wuce ne wani saƙo ya shigo zauren waya na tsofaffin ɗaliban makarantar horon malamai da Malam Atiku ya yi a Dutsin-Ma. Wata mata ce daga Indiya, mai suna Sunita, take cigiyar wani Atiku Barkiya. Ta ce mahaifinta, Mista Kulkarni, ya koyar da lissafi a makarantar shekaru da yawa da suka wuce. Yanzu ya haura tasa'in, likitoci sun sallamo shi gida ya huta, kuma kullum sai ya ambaci sunan nan. Malam Atiku ba ya riƙe babbar waya, saƙon ya bi hannu hannu har ya iso ga ɗansa, ɗan ya ɗora wa Mardiya aikin. Ita ta yi ta rubutu da Sunita har suka sa rana. Tun daga lokacin tsohon ya aika a sayo masa hula, amma bai ƙara tayar da zancen ba.

"Sha ɗaya," ya maimaita. Ya kai hannu ga sandarsa. "Kin ga kau na manta, akwai gonar bayan gari da na ce zan leƙa. Ruwan nan na asuba zai iya kwantar da gero."

"Geron da bai kai gwiwa ba? Ina zai kwanta, ai a kwance yake."

"Ke mi kika sani a noma? Rannan kika ga dawa kika ce rake ne."

"Ina 'yar shekara biyar ke nan. Kai kuma bara ka gaida buhun taki a zaure, ka ce Alhaji an zo lafiya."

"Buhun ya fi ki ladabi. Bai mayar mani da magana ba."

Ta janye sandar a hankali ta ajiye a bayanta.

"Zauna, Kaka. Gona ba ta zuwa ko'ina."

"Nan ma ba sabis. Sai an hau tudu."

"Ga shi cike. Bedin nan naka ya fi ɗakin karatunmu sabis."

"Turancina ya yi tsatsa."

"Jiya da yamma Baba ya ce ka yi awa guda kana gyara wa mai karanta labarai Turanci a rediyo."

"Ubanki ya cika surutu. Gado kika yi."

"Daga wajenka muka ɗauko duka."

Ya juya yana kallon wasu awaki da ke tsallaka hanya. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wannan gaisuwar da kika yi mani, ina kika samo ta? A finafinai?"

"A'a. A ɗakin kwananmu na makaranta muna motsa jiki da safe, ni da ƙawayena. Yoga ake ce mashi. Muna bin wata mata a waya, ta lanƙwasa mu lanƙwasa, ta ja numfashi mu ja. In an gama sai ta haɗa hannu ta ce namaste."

"Wato iyayenku sun tura ku karatu kun koma 'yan wasan kura, ana murɗe ku."

"Ciwon wuyana ya daina. Kai ma da za ka gwada da ƙafar nan ta saki."

"In na lanƙwasa wa zai miƙe ni? Ke da ko tulu ba ki iya ɗagawa?"

"Sai mu bar ka a haka, mu riƙa shanya a bayanka."

Ya murmusa kaɗan. "To malamar taku ta gaya maku ma'anarta, ko kuna ta haɗa hannu kamar 'yan amshin Shata?"

Hmm, ta ce a ranta, ashe nan zancen ya dosa. Ta gyara zama.

"Na bincika. Tsohon harshensu ne na addini, Sanskirit. Rabin farko na kalmar yana nufin sunkuyawa, ko girmamawa. Rabin ƙarshe yana nufin gare ka. Wato na girmama ka."

"Shi ke nan?"

"Matar takan ce wai hasken da ke cikina yana gaida hasken da ke cikinka."

"Ke har wani haske ne da ke? Ko aci-balbal ta fi ki."

"Naka ai tun zamanin mulkin soja aka ɗauke wuta."

Wannan karon ya yi dariya sosai, har ya yi tari. Da ya lafa sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Kin samo rabi," in ji shi. "Mu ba a waya muka ji ba, a bakin Mista Kulkarni muka ji. Kulki muke ce mashi, don sunan ya yi mana tsawo, kuma don bai taɓa dukan kowa ba. Kullum da sassafe yakan shimfiɗa bargo a bayan gidansa ya yi irin wannan lanƙwashe-lanƙwashen naku, wani lokaci ya kafa kai ƙasa ƙafafu sama. Mu ɗalibai muka ce tsafi ne, da shi yake gane lissafi. Har wani abokinmu ya gwada daren jarrabawa ya kwana da ciwon wuya, ya kuma faɗi."

"Kai ne abokin, na sani."

"Ba ni ba ne. Ni na riƙe mashi ƙafafu." Ya mayar da tabaransa. "Abin da muka lura, gaisuwar nan tashi ba ta canzawa. Shugaban makaranta, haka. Tsohon da ke share aji, haka. Bafulatanar da ke kawo nono, haka, kan nan ya sauka daidai inda yake sauka wa shugaba. Wata rana na tambaye shi, na ce Malam, mu a wajenmu gaisuwar babba daban ta yaro daban. Ya ce ai shi ba riga yake gaisarwa ba, ba muƙami ba, ba ma fuska ba. Ya ce akwai wani abu da Mahalicci ya aje a cikin kowane mutum, iri ɗaya ne a cikin shugaba da mai shara, shi yake gaisarwa. Ya ce hannu biyu da ake haɗawa, ɗaya kai ne ɗaya wanda ke gabanka, ka kawo su wajen zuciya ka daidaita su, ba wanda ya fi wani tsawo."

"To ai abu mai kyau ne."

"Akwai inda muka rabu da su Kulki. Su sun ce abin nan wani yanki ne na Ubangiji a cikin mutum. Mu ba mu ce haka ba. Mu mun ce rai ne Allah ya busa, ya karrama ɗan Adam da shi, amma bawa bawa ne. Kuma goshinmu ba ya sauka don kowa sai Shi. Wannan na san shi tun ina ƙarami, ban kuma canza ba."

"To mi ya sa kake neman gudu gona?"

Ya ɗauki wani ɗan bedi da ya faɗo kan tabarma yana murza shi da yatsa.

"Ina aji biyu babanmu ya rasu, farkon damina. Na koma Barkiya na ɗauki hauya, na ce karatu ya ƙare. Ni ne babba, ga Inno, ga ƙanne huɗu, ga gona an yi shuka ba mai nome ta. Bayan sati biyu sai ga Kulki a kan babur ɗinsa Basfa. Kin san hanyar Barkiya da damina, ta yanzu ma, balle ta wancan lokaci. Sau biyu ya faɗi cikin taɓo. Ya shigo gidanmu wando duk laka, ya tsaya gaban Inno ya haɗa hannu ya sunkuyar da kai. Ita kau ta ɗauka yunwa yake ji yana roƙo, ta tashi da sauri ta dama mashi fura."

Mardiya ta rufe baki da mayafi tana dariya.

"Ya zauna ya shanye tas. Ran Asabar ya dawo da ɗalibai goma sha biyu, aka yi mana gayya. Shi kansa ya riƙe hauya har tafinsa ya yi ruwa. Asabar uku ana haka. Ran Litinin ta huɗu ina cikin aji."

"Ban taɓa jin wannan ba."

"Ba wanda ya taɓa ji. Saura ki ji ƙarshen." Ya jefar da ɗan bedin. "Shekarar da zan fita, aikinsa ya ƙare zai koma gida. Muka taru a bakin ƙofar makaranta, mota na jira. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya tsaya, ya haɗa hannu, ya sunkuya fiye da yadda ya saba, ya ce namaste, Atiku. Lokacin ina ji da kaina, na fara tara gemu, abokaina na kallo. Sai na mayar da hannuwana baya, na ɗaga murya na ce da Turanci, ni ba na sunkuya wa kowa sai Allah."

"Ai ba ƙarya ka faɗa ba, Kaka."

"Ba ƙarya ba ne. Amma ba don Allah na faɗa ba, don abokaina su ji na faɗa. Mutumin nan bai ce in sunkuya ba. Gaishe ni ya yi. Ko Allah ya kiyaye hanya ban ce mashi ba. Ya yi murmushi ya shiga mota. Shekara arba'in da huɗu ke nan."

Wani mai amalanke ya wuce ya yi sallama, suka amsa. Mardiya ta dubi tsohon ta gefen ido. Ba ta saba ganinsa haka ba, kuma ta san in ta nuna tausayi zai tashi ya shige gida.

"Ashe tun kana saurayi ba ka da kirki," in ji ta. "Ni da na ɗauka tsufa ne ya ɓata ka. Da na san haka da ban yarda an ɗaura ba."

"Wa ya roƙe ki? Tallar ki aka yi kasuwa uku ba a taya ba, na ce a kawo in rufa asiri."

"To rufa naka yau. Mutum na kwance yana kiran sunanka, kai kana nan kana zancen gero."

"In don ya tuna mani ne fa yake nemana?"

"Sai ka ba shi haƙuri. Hedimasta guda, ka sa yara dubu sun ba da haƙuri, kai ba ka iya ɗaya ba?"

"Bakinki ya fi ƙafarki sauri."

"Sunita ta ce wasu ranakun ba ya gane kowa. Yau ta ce ya tashi garau, har ya sa an yi mashi aski. Ban san ko za a ƙara samun irin yau ba."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai wayar ta fara ruri a hannunta. Suka dubi juna.

"In kashe?" in ji ta. "Sai in ce mata mijina ya tsere, an gan shi ya yi hanyar Birchi da ƙafa ɗaya."

Ya gyara zaman rigarsa, ya miƙe wuya.

"Ɗauka, marar kunya. Ki riƙe da kyau, kar ki nuna mashi hancina kaɗai."

Fuskar wata mata mai furfura a goshi ta fito. Ta ɗaga hannu ta ce, "Sannu, sannu," ta ce iyakar Hausar da ta rage mata ke nan, tana 'yar shekara shida suka bar Dutsin-Ma. Sannan ta juya wayar. Wani tsoho ne ƙanƙane a kan gado, an tokare shi da matasai, kansa fari fat. Ya matso da fuska yana ƙyafta ido.

"Atiku Barkiya," ya ce da Turanci, muryarsa siririya. "Ka tsufa."

"Malam, kai ma ba ka ƙara yarinta ba."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya marar sauti. Sai ya ce da Hausa, yana jan kowace kalma, "Ina gajiya? Ina aiki? Ina Inno?"

Malam Atiku ya ce Inno ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Kulki ya rufe ido ya jinjina kai. Ya ce har yau bai sha abin da ya kai furarta ba, ya sa an gwada yi masa da geron can bai yi ba. Ya tambayi ƙannen, Malam Atiku ya lissafa masa su da inda kowa yake. Ya tambaya ko har yanzu yana manta alamar ɗebewa a tsakiyar lissafi. Malam Atiku ya ce ya daina, Mardiya ta leƙo ta ce bai daina ba.

"Wa ke nan?" in ji Kulki.

"Matata ce, Malam. Haƙuri nake da ita."

"Jikarka ce. Na tuna wasan nan naku." Ya ɗaga yatsa yana nuna ta. "Ta fi ka wayo, daga ido na gani."

Suka yi hira kusan minti goma. Malam Atiku ya gaya masa ya koyar shekara talatin da biyar, a ƙauyuka bakwai, kuma cikin ɗalibansa akwai likitoci da malamai da manoma. Tsohon yana saurare yana gyaɗa kai. Can Malam Atiku ya gyara murya.

"Malam, akwai abin da nake so in ce. Ranar da za ka tafi, a bakin ƙofa, ka gaishe ni, na ɓoye hannu na gaya maka magana a gaban mutane. Ban kyauta ba. Ka yafe mani."

Kulki ya yamutsa goshi. Ya dubi ɗiyarsa, ya sake duban wayar.

"A bakin ƙofa? Na tuna motar ta ƙi tashi sai da kuka tura. Na tuna Sunita tana kuka don an bar kyanwarta. Wannan kam ban tuna ba. Mi ka ce?"

Malam Atiku ya maimaita masa, kalma da kalma, kansa a ƙasa.

"To ai amsa ce mai kyau," in ji tsohon. "Da a jarrabawa ne da na ba ka maki." Ya numfasa, Sunita ta ba shi ruwa ya kurɓa. "Atiku, in haka aka yi, wanda ya ɓoye hannu yaro ne da ke jin nauyin abokansa. Ba shi na gaisar ba. Wanda na gaisar yana can ciki, ya ji, shi ne ya je ƙauyuka bakwai. Ni ba don wannan na neme ka ba. So nake in ji ko gonar ta yi kyau a shekarar nan da muka nome ta. Na tafi hutu kafin girbi, ban taɓa tambaya ba."

Malam Atiku ya ɗago yana kallonsa.

"Dami sittin muka ɗaure, Malam. Ba mu taɓa samun kamarsa ba."

"Sittin." Tsohon ya lumshe ido, fuskarsa ta saki. "To hannuna bai yi ruwa a banza ba."

Sunita ta leƙo ta ce a hankali ya gaji, sai ya kwanta. Kulki ya ɗago hannuwansa biyu, da ƙyar ya haɗa su a ƙirji, ya sauke kai kaɗan.

"Namaste, Atiku."

Malam Atiku bai sunkuya ba. Ya ɗora hannun dama a kan ƙirjinsa, ya bar shi a nan.

"Namaste, Malam. Na gode. Allah ya ba ka sauƙi, ya saka maka da alheri."

"Amin," in ji Kulki da Hausa. "Sai an jima."

Wayar ta yi duhu. Mardiya ta kife ta a kan cinya. Wata kurciya tana kuka a saman bedin, daga cikin gida ana jin daka. Tsohon ya zaro hankici ya cusa ƙarƙashin tabarau.

"Hasken wayar nan taki ba ya da kyau ga ido," in ji shi.

"Haka ne. Ni ma ya taɓa nawa." Ta ja hanci, ta goge fuska da mayafi. "Amma Kaka, shekara arba'in da huɗu kana dakon kaya a ka, mai kayan bai ma san ya aje ba. Kyanwa ya tuna, kai bai tuna ba."

"Kyanwar ta fi ni kyau a lokacin."

"Har yanzu ma. Kuma ka ji da kunnenka, malaminka ya ce na fi ka wayo."

"Mutum ya haura tasa'in, ido ya tafi."

"Ya gane ka tsufa tun daga Indiya, idonsa lafiya lau. Faɗi gaskiya, ba don ni ba da yanzu kana gona kana gaida gero."

"Da na dawo."

"Da la'asar."

Ya dube ta, ya girgiza kai, dariya ta ƙwace masa.

"Shi ke nan, kin kayar da ni. Yau ɗaya. Kar ki gaya wa ubanki." Ya nuna ƙofar gida da haɓa. "Shiga ciki, bayan rumbu akwai 'yar tunkiya mai baƙin kunne. Taki ce."

"Da gaske? To a ina zan aje ta, a ƙarƙashin gadona na makaranta?"

"Nan za ta zauna, ni zan yi kiwo. Amma tana da sharaɗi. Ba ta cin abinci sai ta ga mai ita. Duk Asabar ki zo ki duba ta, da hantsi, wajen sha ɗaya haka."

Mardiya ta karkata kai tana kallonsa.

"In zo da wayar, ko in baro ta?"

"Wannan ruwanki. Ni ban ce komai ba."

"Kaka, tunkiyar ce ke son ganina, ko kai ke son a kira Indiya?"

"Tunkiyar," in ji Malam Atiku, yana dariya. "Ki dai cika mata caji kafin ki taho."